Ɗorin da Aka Yi wa Molon Babanmu

Har yau idan na ji ana yabon wani, ana cewa ai wane kunya gare shi, ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa, sai in kawar da kai. Masu faɗa alheri suke nufi. Ni kuwa molon babanmu nake tunawa, da yadda aka lalata shi da rana tsaka a zauren gidanmu na Karaye, mai molon yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa, yana cewa to.

Babanmu manomi ne, gero da dawa da 'yar fadamar albasa. Bai taɓa bin kowa da roƙo ba, amma yana da molo, kuma ba na jin a duk ƙasar Maiyama akwai mai girmansa. Idan aka jingina shi da bango yakan kai wa babban mutum ƙugu. Ƙoƙonsa itace ne da aka fafe kamar komin shayar da tumaki, aka rufe bakinsa da fatar gada. Inna ta ce shekarar da aka yaye ni Baba ya ja fatar nan da hannunsa, lokacin da daji yake daji, maharba suna shigowa gari da gada a kafaɗa. Tsirkiya uku gare shi. Mai kaurin cikinsu, idan ya taɓa ta, ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, har a ƙirji. Inda babban yatsansa yake sauka a kan fatar ya yi baƙi ya yi santsi, kowa a gidan ya san wurin.

Wuyan molo doguwar gora ce. Ba a kafa ta da ƙusa, ba a liƙa ta da komai. Tun fata tana ɗanya ake tsaga ta wuri biyu a zura gorar, a daidaita ta, a bar ta a inuwa. Idan fatar ta bushe sai ta damƙe wuyan gam, ita ce kaɗai ke riƙe da shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da molo ya san wannan, ko da bai taɓa kaɗa shi ba. Ni ban taɓa kaɗawa ba, mace ce ni, amma na sha riƙe wa Baba ƙoƙon yana shafa wa fatar mai.

Da Baba ya rasu molon ya koma hannun autanmu. Mu biyu muka rage wa Inna, ni babba, shi ƙarami, kuma Auta muke ce masa har ya yi gemu. Ba a daɗe ba idon Inna ya tafi. Yanar ido ce ta rufe su a hankali, har ta kai ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Ta rage fara'a, ta rage cin abinci, kullum tana ƙofar ɗakinta a kan tabarma da carbi. Amma bayan la'asar, idan Auta ya dawo daga gona ya wanke ƙafa ya ɗauko molon, sai ka ga fuskarta ta saki. Ba ta yabonsa, ba ta ce ya ƙara. Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar, ina tsefe mata kai. Ta ce, "In wanga abu na kuka, awa tsohonku na zamne can bakin rumbu." Daga nan ba ta sake ta da zancen ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Abin ya faru ne a bazarar farko bayan an yanke mana jiharmu daga Sakkwato. Shekarar kowa gwani ne. Duk wanda ka tara da shi ya san inda za a ja titi, ya san yadda za a gyara duniya kafin damina. Ni a Jega nake aure, maigidana yana fataucin albasa, amma na koma Karaye don matar Auta ta haihu, haihuwa ta uku, kuma Inna ba ta da idon kula da wankan jego.

Ana cikin haka aka gayyaci Auta suna a Jega, ya tafi da molon. A hanyar dawowa ya hau akori-kura cike da buhunan albasa. Motar ta faɗa wani rami, buhu ya gangaro ya danne wuyan. Bai karye ba, fatar ma ba ta yage ba, amma ya goce gefe ɗaya. Ko ni da na duba daga ƙarshensa na ga ya karkace. Tsirkiyoyin sun bar tsakiya sun koma baki-baki, mai kaurin tana zamewa daga ƙarƙashin yatsa, tana gogar fata tana wani zuzu mara daɗin ji.

Auta bai ruɗe ba, don ya ga yadda Baba yake yi. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya jiƙa tsohon zane ya matse, ya naɗe molon, ya kwantar da shi a gindin randa inda yashi yake da laima. Kowace safiya sai ya buɗe, ya danna fatar da yatsa, ya ɗan taɓa wuyan kamar mai tashin jariri daga barci, ya mayar ya rufe. Ni da ba ni da haƙuri na ce masa yaushe za a gama wannan jinya. Ya ce, "Yaya, ba a yi mata gaggawa. Wagga hwata ta girme ni. Sai ta sha ruwa ta saki da kanta." Inna kuwa ta ji bayanin ta gyaɗa kai, ta ce haka tsohon yake yi. Ta zauna jira, ba ta damu ba.

Sai ga surukin Auta daga Aliero, ya zo ganin jikansa.

Kada a ji na ce Aliero a ɗauka masu ɗorin garin nake zagi. Allah ya kiyaye. Su suka ɗora mini hannun ɗana da ya faɗo daga kan kuka, yau da hannun yake noma. Na ga yadda suke aiki: sai sun daɗe suna shafawa suna tambaya kafin su ja, kuma sun san abin da yake nasu da wanda ba nasu ba. Wannan tsoho ba jininsu ba ne, ba almajirinsu ba ne. Maƙwabcin wani gidan ɗori ne kawai. Idan aka kawo mai karaya yana ihu, akan kira ƙarti su danne shi, shi kuma a zamaninsa ƙato ne, sai a ba shi ƙafa ya riƙe. Abin da ya gani ke nan a duk tsawon shekarun, ja da murɗawa. Shafawar da tambayar ba su taɓa shiga idonsa ba. Da wannan yake yawo gari-gari yana cewa mu mutanen Aliero.

Auta yana jin sallamarsa ya tuɓe takalma tun daga tsakar gida, ya fita ya durƙusa. Aka shigo da shi ya gaida Inna, ya ga jariri, ya tofa masa addu'a. Na kawo masa ruwa. Da ya sha, maimakon ya miƙo mini kwanon, sai ya bi ni da ido har gindin randa.

Ya ce, "Mi na na kunka lulluɓe can, awa mai masassara?"

Auta ya yi bayani a gajarce, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon yatsun ƙafarsa. Tsohon ya ce a kawo. Aka kawo. Ya yaye zanen, ya juya molon, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya yi wata 'yar dariya.

"Wanga ai targaɗe na. Shi kunka tsaya jiƙo? Ƙahwa nawa nir riƙe ana ɗori gabana? Yaro, kai man shi zaure, a samo man shanu da karan dawa."

Auta ya ce, "To, Baba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan jegon nan. Ya san fatar ba ta sha ruwa ba, da safen nan ya gaya mini da saura. Amma ya ɗauki molon da hannu biyu ya bi bayan tsohon, kamar shi ya roƙa. Na yunƙura zan bi su, sai na ji an riƙe mini bakin zane. Inna ce. Makauniya, amma hannunta bai kuskure ba.

Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Ke wagga, zamna."

Na ce, "Inna, yaga shi za shi yi."

Ta ce, "Surukin gida na, ba a tanka mashi. Kuma mutumin Aliero na, ya san aikinai. Kada ki kunyata ƙanenki."

Wannan ya fi komai ci mini rai, har gobe. Ita ce mai asara a gidan nan, ita ce kuma ta riƙe ni. Na zame zanena a hankali na ce zan kai man shanun ne, na tafi. Na tsaya daga bakin ƙofar zaure ta ciki, na durƙusa yadda ya kamata, na ajiye ƙoƙon man. Na tausasa murya iyakar iyawata, wanda duk ya san ni ya san ba ƙaramin aiki na yi ba.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Hwata ta ka riƙe da wuyan, kuma ba ta jiƙa ba tukuna. In anka ja shi yanzu..."

Ko kallona bai yi ba. Auta ya duba, ya ce, "Yaro, mata ka yanke magana gidan ga?"

Auta ya ce, "A'a, Baba." Sannan ya ɗago ido ya dube ni, kallon roƙo, wai in yi shiru. Namiji mai 'ya'ya uku, mai noma abin da gida ke ci, gumi yana bin wuyansa, ya kasa furta kalma ɗaya a kan abin da ubansa ya bar masa.

Tsohon ya zauna ya miƙe ƙafafu. Ya lakaci man shanu ya shafe gorar, ya yi tofi sau da yawa, ya tokare gindin ƙoƙon da tafin ƙafarsa. Ya naɗe hannun riga. Ya kama wuyan da hannu biyu, ya ja da ƙarfinsa duka, ya murɗa.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an yaga tsohuwar atamfa. Na ga tsagar ta tashi daga inda wuyan ya shiga, ta bi fatar, ta ratsa ta tsakiyar baƙin wurin nan na yatsan Baba, ta tsaya a bakin ƙoƙo. Gorar ta yi laƙwas a hannunsa, tana lilo, tunda tsaga ɗaya ce kawai ta rage riƙe da ita.

Ya ce, "Kun ji ƙara? Ya hwaɗa wurinai."

Wallahi haka ya ce. Ya jera karan dawa a gefe da gefe, ya naɗe da zanen nan da Auta yake jiƙawa, ya ɗaure tamau da igiya, har tsagar ta ɓuya. Ya ce kada a kwance sai ya kama, kuma kada mace ta taɓa. Wannan ta ƙarshen tawa ce, na gane. Auta ya ce, "To, Baba. An gode, Allah shi ƙara girma." Godiya ya yi masa. Ina durƙushe a wurin na ji da kunnena.

Ban da haka sai da aka yanka masa zakara, kuma ni aka sa dafawa. Na zuba barkono har ni mai girkin ina tari. Ya cinye tas, ya tsotse ƙashi, yana share hanci yana cewa rabon da ya ci miya mai rai irin wannan an daɗe. Da na shiga ɗakin mai jego na tarar tana kuka a ɓoye. Yarinyar kirki ce, ba ta da laifin kowa. Ta ce, "Yaya, haka yay yi ma rediyon gidanmu." Na karɓi jaririn na ce ta sha kununta.

Tsohon yana hawa mota na ja Auta bayan rumbu na sa ya kwance ɗaurin. Ya daɗe yana kallon tsagar, yana bin ta da yatsa. Ni kuwa bakina ya buɗe.

Na ce, "Don mi ba ka ce a'a ba?"

Ya ce, "Yaya, ɗiyatai ag gidana. Da wane baki?"

Na ce, "Da bakin da kac ce to."

Na gaya masa maganganu da yawa a ranar. Na ce da tsohon ya ce a kawo jaririn ya murɗa masa wuya, to zai ce? Na ce Baba ma yana da surukai, kuma ya girmama su, amma bai taɓa miƙa musu molonsa ba. Shi dai tsagar yake kallo. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada Inna ta sani. Zai nemo fatar gada ya sake ja, ba za ta gane ba. Na yarda, ba don shi ba, don ban san da wace fuska zan gaya mata ba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar Inna sai ta juyo da fuska wajen da ta ji motsinsa.

"Auta, ya kama?"

"Da saura, Inna."

"To, Allah shi ba shi lahiya."

Kamar mutum take tambaya. Wata rana har ta ce a matsar da shi daga rana kada ɗorin ya yi zafi. Ni ina tsakar gida ina hura wutar ruwan wanka, ina jin su, hayaƙi yana ba ni dalilin share ido. Abincinta ya sake raguwa. Lokacin da aka saba kiɗan sai ta yi ta juya carbi, kunnenta a buɗe, har a kira magariba.

Auta ya shiga neman fata. Ya je kasuwar Jega, ya bi dukawa rumfa-rumfa. Ya je wajen maharban da suka rage a ƙauyukan Maiyama, ya tsallaka har Katanga da Fagada. Wasu dariya suka yi masa. Suka ce ina dajin yake, duk an sare an shuka gero da albasa, gada ta yi nisa. Wani tsohon maharbi ya ciro masa wata daga rataya, asu ya cinye ta, ana ganin rana ta cikinta. Ya kai molon wajen wani baduku ko tsohuwar fatar za ta ɗinku. Mutumin ya duba ya ce ɗinki zai yi, amma ranar da aka ja tsirkiya zai buɗe, gara kada ya yaudare shi. A ƙarshe wani mahauci maƙwabcinmu a Jega ya zaɓa masa fatar akuya mai kyau, marar tabo, maigidana ya aiko da ita a motar albasa.

Da hantsi muka yi aikin, a garkar bayan gida, inda Inna ba za ta ji ba. Ni na riƙe ƙoƙon tsakanin gwiwoyina, duk da dokar da aka kafa mini. Kafin nan Auta ya bar tsohuwar fatar a cikin jiƙo har ta sha ruwa sosai, don ya cire ta ba tare da wuƙa ba. A nan na ga abin da ya ƙara mini takaici. Ɗaya tsagar, wadda tsohon bai yaga ba, tana nan riƙe da gorar. Auta ya sa yatsa biyu kawai ya tura, wuyan ya motsa sumul, ba gardama, ya tsaya inda ake so. Abin da ake jira ke nan tun farko. 'Yan kwanaki kaɗan suka rage mata a gindin randa. Muka dubi wurin mu biyu.

Ya cire tsohuwar fatar ya miƙo mini. Ya ɗauko sabuwar, wadda ya riga ya kankare gashinta, tana ɗanya tana naso. Ya shimfiɗa a bakin ƙoƙo, yana ja nan ina ja can, yana kafewa, har ta miƙe ba lanƙwasa ba tattara. Ya auna da yatsu ya tsaga wuri biyu, ya zura gorar a hankali. Sannan ya ciro wani ƙullin zare daga aljihu. Zaren Inna ne, na lokacin da take kaɗi da idonta, Baba ya ajiye shi don wannan aiki kaɗai. Ya ɗaura shi a kan wuyan, ya ja shi har gindin ƙoƙo, ya kwanta rub da ciki ya rufe ido ɗaya. Ya ce in tura hagu kaɗan. Ya ce ya yi yawa. Ya taɓa da kansa, ya sake kwantawa, ya sake tashi. Sai da zaren ya raba gorar biyu daidai tun daga sama har ƙasa sannan ya ɗaure, muka kai shi inuwar rumbu ya bushe. Aiki ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Ko a hannun Baba ban taɓa ganin wuyan ya miƙe haka ba.

Da ta bushe ya mayar da tsirkiyoyin, can bayan gida. Na ce ya taɓa mu ji. Ya taɓa mai kaurin sau ɗaya, a hankali. Sauti ya fito tsaf, ba zuzu, ba gogar fata. Amma a kunne ya tsaya, bai sauka ƙirji ba. Muryar saurayi ce. Auta ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyar ya kashe ta, ya ce wataƙila idan ta sha hannu za ta yi nauyi. Na ce wataƙila. Ya kai molon ɗakinsa ya rataye, kuma da la'asar da Inna ta tambaya ya ce da saura.

Ana nan maigidana ya zo duba ni, ya kawo labari yana dariya, bai san inda yake mini ciwo ba. Wai a tashar Aliero babu wanda bai ji ba. Tsohon yana gaya wa direbobi da 'yan dako cewa shi yanzu har itace yake ɗorawa, ya ɗora wuyan molo a Karaye, ja ɗaya. Wai har wani ya kawo masa ƙotar garma. Na ce wa maigidana idan ya sake dariyar nan a gabana zai koma Jega da yunwa.

Ranar da mai jego ta gama wanka sai ga surukin Auta ya dawo, da sabuwar hula. La'asar ta yi, an yi salla. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, Inna tana ƙofar ɗakinta, ni ina gefe ina tankaɗe. Suka gaisa. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Ina majinyacina? A kawo shi in gani."

Auta ya dube ni, na kawar da kai. Ya shiga ya fito da molon. Tsohon ya karɓa, ya ɗaga shi, ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo. Ya shafa fatar, fara sol, babu tabon yatsa, babu alamar tsaga. Na zuba masa ido, na ce yau dai ko jaki ne zai gane an canza. Sai ya washe baki.

"Ka gani? Ba na hwaɗa maka ba? Dibi yadda yam miƙe. Har hwata ta washe, aikin man shanu na."

Auta ya ce, "Haka na, Baba."

Rariyar da ke hannuna sai da na ji ta lanƙwashe. Na buɗe baki, na tuna Inna tana jin mu, na rufe. Ita kuwa ta gyara zama, ta ajiye carbin a cinya, fuskarta ta fara sakin nan da na daɗe ban gani ba. Ta ji an ce ya miƙe.

Tsohon ya ce, "To kaɗa muna mu ji."

Auta ya ce to. Ya zauna nesa da tabarmar surukinsa, ya ɗora molon a cinya, ya ɗan ja tsirkiyoyin. Ya ɗauko kiɗan da Baba yake fara yi kullum idan ya dawo gona, mai tafiya a hankali. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Tsohon yana kaɗa kai yana buga cinya, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya don a yaba masa. Ni Inna nake kallo. Ta karkata kai ta saurara. Ta daɗe a haka. Sai na ga hannunta ya laluba cinya ya ɗauki carbin.

Ta ce, "Auta."

Ya tsaya. "Na'am, Inna."

"Baƙo munka yi? Wanga mai molo daga ina?"

Tsohon ya fara cewa ai shi ne wanda ya ɗora, amma ba ta juya wajensa ba.

Ta ce, "Ku ba shi ruwa, ya iya hannunai. In ya ƙare, ka ɗauko man na tsohonka in ji. Na daɗe ina jira."

Har yau ban san ko ta gane ba ne ta faɗa a haka, ko da gaske take tambaya. Ban tambaye ta ba har ta bar duniya. Tsohuwar fatar tana cikin adakata a Jega, da tsagar da baƙin wurin, ban taɓa sa mata ita a hannu ba.

Auta ya jingina molon da jikin dogon yaro. Ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya saki labule, ita kuma ta gyara zama ta fuskanci ƙofar tana jira.